Darasi na Tara: Kafin a Shiga Ɗakin Tiyata

Ba kowace tiyata ake yi afujajan ba. Matar da naƙuda ta gagara, ko wadda cikin bayan mahaifa ya fashe mata, ba a jira da ita, daga mota sai ɗakin tiyata. Amma akwai aikin da likita kan duba kalanda ya sa masa rana: cire ƙarin mahaifa, cire mahaifar ɗungurungum, gyaran mahaifar da ta zazzago, ko ɗinkin yoyon fitsari irin wanda ake yi a cibiyar Babbar Ruga ta Katsina. Tsakanin ranar da aka ba mace takarda da ranar da za a yi mata aikin, akan samu makonni, wani lokaci watanni. Yawancin gidaje a neman kuɗi da neman jini suke cinye wannan lokacin, kuma ba laifinsu ba ne. Sai dai akwai aiki na uku da ake mantawa da shi, wato a kai matar asibiti ba ta ɗauke da wata sabuwar cuta a jikinta, kuma a san tsohuwar da take ɗauke da ita tun kafin wuƙa ta taɓa ta. Wannan aikin a gida ake yin mafi yawansa, shi ya sa darasin ya shafi maigida da uwar miji da 'ya'ya kamar yadda ya shafi mai ciwon.

Irin ƙwayar cutar da muke magana a kai

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai bakteriya, masu kawo taifot da tarin fuka da ruɓewar miki. Akwai kuma bairos, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ya kuma iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum. Shi ne ke kawo mura, korona, ƙyanda, ciwon hanta, ƙanjamau da zazzaɓin Lasa. Abin da ya kamata kowa ya riƙe a nan shi ne, kafson da ake saye a kemis, irin su amoksisilin, bakteriya kawai yake kashewa. Ko mace ta shanye kwali guda, bai taɓa bairos ɗin mura ba. Saboda haka babu wani maganin da za a haɗiya daren tiyata ya wanke jiki daga waɗannan cututtuka. Kauce musu ake yi, sannan a yi gwaji.

Waɗanda suka fi damun likitan tiyata ta hanya biyu suke shiga jiki: ta numfashi da ta jini.

Murar da ake rainawa

A wurinmu mura ba ciwo ba ce. Mace za ta yi girki da ita, ta je biki da ita, idan an tambaye ta lafiya ta ce lafiya lau. A ɗakin tiyata kuwa ba haka ake kallonta ba, kuma ga dalili.

Idan za a sa mutum barci gaba ɗaya, magungunan da ake ba shi suna kwantar da tsokokin numfashi, don haka likitan sa barci yakan zura wani bututu ta baki zuwa maƙogwaro, na'ura ta riƙa yi masa numfashi har a gama. Maƙogwaro da bututun huhun mai mura a kumbure suke, cike da majina, ga saurin harzuƙa. Da bututun ya taɓa su suna iya tsukewa farat ɗaya, iska ta ƙi shiga, iskar da ke cikin jini ta yi ƙasa cikin 'yan mintoci. Wannan saurin harzuƙar ba ya tafiya ranar da hanci ya bushe, yana iya kaiwa mako shida bayan mutum ya ji ya warke. Wata za ta ce ai ita allurar baya za a yi mata, wadda ke kashe rabin jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, idonta biyu. Haka ne, amma aiki yana iya yin tsawo, ko jini ya ɓalle, dole a koma ga barcin gaba ɗaya a tsakiyar aiki. Likitan sa barci kullum da wannan shirin yake shiga.

Bayan an fito ma da sauran rina a kaba. Wadda aka tsaga wa ciki tana tsoron jan dogon numfashi saboda zafin ɗinki, tana kuma danne tari. Majina sai ta taru a ƙasan huhu, daga nan ciwon huhu ya samu wurin zama. Idan kuma tarin ya fi ƙarfinta, kowane ɗaya jijjiga ɗinkin yake yi. Duk wanda ya taɓa jinyar matar da aka yi wa aiki ya ga wannan: ta rungume matashin kai a mara da hannu biyu, ta runtse ido, hawaye na zuba kafin tarin ya fito. Sannan ga ruɗani: zazzaɓi ya taso kwana biyu bayan aiki, likita bai sani ba ko miki ne ya fara ruɓa, ko fitsari ne, ko kuwa murar da aka ɓoye masa ce.

Annobar korona ce ta sa duniya ta auna wannan haɗarin da alƙaluma. A shekarar 2020 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da aka yi a asibitoci 235 na ƙasashe 24, kan mutum 1,128 da aka yi wa tiyata suna ɗauke da korona ko suka kamu da ita dab da aikin. Fiye da rabinsu sun samu matsalar huhu, kusan 24 cikin kowane 100 kuma sun rasu cikin kwana 30. Akasarin waɗannan aikin gaggawa aka yi musu, kuma a lokacin babu allurar rigakafi, amma duk da haka adadin ya girgiza likitoci. A 2021 wani binciken da ya haɗa mutum sama da 140,000 a ƙasashe 116 ya nuna cewa wanda aka yi wa aiki cikin mako shida da kamuwa da cutar, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda bai kamu ba fiye da sau biyu, wanda kuma aka jira mako bakwai har ya warware, haɗarinsa ya dawo daidai da na kowa. Daga nan asibitoci da yawa suka ɗauki ƙa'idar jiran mako bakwai, da yi wa marar lafiya gwajin PCR cikin kwana uku kafin aiki, inda ake zura tsinke mai auduga can cikin hanci a murza, sannan a ce ta killace kanta har ranar. Da rigakafi ya yaɗu, cutar kuma ta rage kaifi, an sassauta. A 2023 ƙungiyoyin likitoci a Birtaniya da Amurka suka koma cewa kada a yi aikin da ba na gaggawa ba cikin mako biyu da kamuwa, daga mako biyu zuwa bakwai kuma a duba yanayin kowane mutum. Yau ba kowane asibiti ke neman gwajin korona ba. Abin da aka koya kuwa bai tsufa ba: huhun da bai gama warkewa ba bai shirya ɗaukar tiyata ba, kowane irin bairos ne ya taɓa shi.

Mako biyun ƙarshe a gida

Me ya sa mako biyu? Domin cuta ba ta nuna kanta ranar da ta shiga. Mura mai zafi takan ɗauki kwana 1 zuwa 4, korona kuwa tana iya kaiwa kwana 14. Matar da ta je suna ranar Asabar tana iya kwanciya a gadon tiyata ranar Talata lafiyarta ƙalau a ido, zazzaɓi ya tashi ranar Laraba, ɗinki ɗanye.

Nan ne al'adarmu mai kyau take zama matsala. Da an ji za a yi wa wance aiki, sai dangi su fara tururuwa, na kusa da na nesa, a zo a yi mata fatan alheri. Ɗaki ɗaya, tagogi a rufe saboda hunturu, mata goma a kan tabarma, goyo uku, ɗaya hancinsa na zuba. Moɗa ɗaya ke zagayawa. Kowa ya tashi tafiya sai ya riƙe hannunta ya yi addu'a. Babu wanda ya zo da mugun nufi, zumunci ne, kuma an ce a ƙafa yake. Amma a wannan ɗan tsakanin, wanda yake ƙaunarta da gaske ya buga waya, ya aiko da addu'arsa da gudummawarsa, ya ajiye ƙafarsa sai ta dawo gida ta murmure.

Mai ciwon ba za ta iya faɗin wannan da bakinta ba, kunya ba za ta bar ta ba, a kuma ce ta yi girman kai. Aikin maigida ne, ko yayarta, ko uwarta. Magana mai laushi ta isa: "Gwaggo, ki yi haƙuri, likita ne ya hana ta shiga mutane sai an yi aikin. Ga ki kuma da tari. Ki sa mana ita a addu'a, in Allah ya tashi kafaɗunta ni da kaina zan zo in ɗauko ki." Dattijuwar da aka yi wa bayani haka ba za ta riƙe kowa a zuciya ba.

A cikin mako biyun nan mace ta haƙura da biki da suna da zaman makoki mai cunkoso, kasuwa kuma a aiki wani. Idan fita ta zama dole, kamar zuwa asibiti gwaji a motar haya, ta sa takunkumi ya rufe hanci da baki, ta nemi gefen taga. A gida a riƙa buɗe tagogi da rana iska ta ratsa. Ta ware kofinta da cokalinta. A wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba, a cuɗa tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na aƙalla daƙiƙa 20, ba a tsoma hannu a kwano ɗaya da kowa ya tsoma ba. Yaran makaranta su ne manyan masu kawo mura gida, don haka wanda ya dawo yana atishawa a raba masa wurin kwana da ita, wani ya ɗauki hidimarsa. Maigida ma idan ya kamu, ya yi nesa da ita. Wadda za ta zauna jinya a asibiti ita ma ta kiyaye kanta haka nan, kuma a tanadi wata a madadinta ko da za ta wayi gari da mura. Idan akwai allurar rigakafin da ake son yi, a shawarci likita, domin akan so a bar tazarar kamar mako guda kada ɗan zazzaɓin allura ya rikita lissafi.

Gwajin jini

Kafin aiki za a ba mace takarda ta kai ɗakin gwaji. A ciki akwai awon yawan jini, wanda ma'aikata ke kira PCV, da rukunin jini, da sukari, da fitsari, wani lokaci da aikin ƙoda da hoton ƙirji. Akwai kuma guda uku da suka shafi darasinmu: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, da ciwon hanta nau'in C.

Gwajin farko ba shi da wuya. A goge ɗan yatsa da auduga, a soka, a ɗiga jini a kan wani ɗan siririn abu, a ƙara ɗigon ruwan gwaji, a jira kamar minti 15 zuwa 20. Layi ɗaya ya fito, ba a ga cuta ba. Layi biyu, sai an sake tabbatarwa da wani gwajin daban kafin a yanke magana. Haƙƙin mace ne a gaya mata abin da za a gwada, a nemi yardarta, a kuma ba ta sakamakon ita kaɗai a keɓe.

Mata da yawa kan ji haushin wannan gwajin, suna ganin zargi ne. Ba zargi ba ne, kowa ake yi wa. Babban binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, 1 cikin 100 nau'in C, ƙanjamau kuma kimanin 1.4 cikin 100. Ku lura da wanda ya fi yawa. Ciwon hanta na B, wanda ba a cika maganarsa ba, ya ninka ƙanjamau sau biyar da wani abu, kuma yawancin masu shi ba su sani ba, don yana iya shekaru bai nuna alama ba. Da yawa tun suna jarirai suka same shi, daga uwa wajen haihuwa, ko tun suna yara. Ba shaidar lalata ba ce. Jihar Kano ma a 2024 ta yi dokar da ta wajabta irin waɗannan gwaje-gwaje kafin aure.

Amfanin sanin kafin tiyata a fili yake. Hanta ce ke sarrafa yawancin magungunan barci da na kashe zafi, ita ce kuma ke ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare. Idan ta raunana ba a sani ba, jini na iya ƙin tsayawa a tsakiyar aiki, maganin da bai kamata ya yi illa ba ya yi. Idan an sani, sai a auna ƙarfinta, a sauya magani, a tanadi jini. Mai ƙanjamau kuma da garkuwar jikinta ta yi ƙasa, mikinta kan yi jinkirin warkewa, ya fi saurin ruɓa. Idan aikin zai iya jira, sai a ɗora ta a kan magani, wanda kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, jiki ya yi ƙarfi tukuna. Wadda ta riga ta san matsayinta tana shan magani, ta gaya wa likita, ta zo da maganinta asibiti, kada ta tsallake ko kwana ɗaya sai da umarninsa. Ciwon hanta nau'in C kuwa yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyin da ake sha na mako 12 zuwa 24, fiye da 95 cikin 100 suna rabuwa da shi.

A ji wannan da kyau: samun ɗaya daga cikin cututtukan nan ba ya hana a yi wa mace tiyata. Dokar da Najeriya ta yi a 2014 ta haramta nuna wa mai ƙanjamau bambanci, har da a asibiti. Ina jaddada haka ne saboda akwai matan da ke gudu da takardar sakamako su koma gida, su ci gaba da zubar jini shekara da shekaru, don tsoron kada a kore su ko asiri ya tonu. Wannan asara ce da bai kamata a yi ba. Idan sakamako ya nuna ciwon hanta na B, abin da ya dace shi ne maigida da abokan zama da 'ya'ya su je a gwada su, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi, allura uku cikin wata shida.

Gwaji yana da iyaka. Idan cuta sabuwar shiga ce, jini bai nuna ta nan take, ƙanjamau na iya kaiwa wata uku kafin gwajin yatsa ya gan shi. Don haka sakamako mai kyau ba lasisin sakaci ba ne. Bairos ɗin ciwon hanta na B yana rayuwa a busasshen jini a kan reza ko almakashi har kwana bakwai ko fiye. A guji ƙaho da tsaga da sakiya, da mai yankan farce na yawo, da reza ko buroshin haƙori na tarayya, da allurar da ba a ɓare ta a gaban idonki ba. Matar da ƙarin mahaifa ya kumbura wa ciki takan sha shawarar a kai ta a yi mata tsaga ko a ba ta jiƙo kafin ranar asibiti. Tsagar ba ta taɓa ƙarin, jiƙon kuma yana iya wahalar da hantar da ake lallaɓawa. Duk abin da aka riga aka sha, na gargajiya ko na kemis, a faɗa wa likita.

Jinin da za a ƙara mata

Aikin ƙarin mahaifa yana cin jini, kuma yawancin masu shi sun riga sun yi ƙarancinsa saboda yawan zubar al'ada. Asibiti kan ce a tanadi leda ɗaya ko biyu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kowace leda a gwada ta don ƙanjamau, ciwon hanta na B da na C, da tunjere. Amma tunda mun ga gwaji na iya kuskure sabuwar cuta, wanda ya ba da jinin ma abin dubawa ne. Masu sayar da jininsu a bakin asibiti suna da dalilin ɓoye gaskiyar lafiyarsu, ɗan'uwa mai ba da shi don Allah ba shi da wannan dalilin. A nemi masu bayarwa tun da wuri, ba ranar aiki ba, a kai fiye da adadin da aka nema don wani zai faɗi gwaji. Wanda aka ce jininsa bai yi ba, kada a tsare shi da tambaya a gaban mutane. Tsakaninsa da ma'aikacin lafiya ne.

Zazzaɓi a lokacin rani

Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma ya fi tashi da rani. Yana iya ɓuya a jiki har kwana 21, yana kuma bin jini da sauran ruwan jiki daga mutum zuwa mutum. A watan Janairun 2020 likitoci biyu sun rasu da shi a Kano bayan sun kula da wata mai ciki da aka yi wa aiki ba a san tana ɗauke da shi ba. A rufe abinci, a daina shanya a ƙasa inda ɓera ke bi. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya bai sauka ba, musamman da ciwon maƙogwaro ko zubar jini, a gaya wa likita tun kafin a kwanta, don ran mai ciwon da na masu yi mata aiki.

Idan ciwo ya zo duk da haka

Mutum na iya kiyayewa iyakar ƙoƙarinsa ya kamu. Idan cikin makon aiki aka ga zazzaɓi, tari mai majina, ciwon maƙogwaro, sarƙewar numfashi, gudawa, ƙuraje, ko ido ya yi rawaya, ko kuma wani a gida ya kwanta da irin wannan, a kira asibiti ko a je a faɗa, kada a bari sai safiyar ranar. Kada a sha farasitamol don a ɓoye zafin jiki daga ma'aunin nas. Na san abin da ke sa a yi haka: an ci bashi, an sayar da akuya, an samo jini da ƙyar, an yi wata uku ana jiran layi, ga mai jinya ta taso daga ƙauye. Ɗaga aiki a wannan hali ciwo ne na gaske. Amma faɗa wa likita ba yana nufin lallai a ɗaga ba. Idan 'yar majina ce ba zazzaɓi, ƙirji kuma a washe, sau da yawa akan ci gaba. Idan aikin na gaggawa ne, kamar ana zargin ciwon daji ko jini ya ƙi tsayawa, likita zai auna haɗarin jira da haɗarin yi, ya shiga da shiri. Idan kuwa an ɗaga, yawanci mako biyu zuwa huɗu ne. Kafin a bar asibitin a tambayi sabuwar rana, a tambayi gwaje-gwajen da za a sake da waɗanda har yanzu suna da amfani, da kuma makomar jinin da aka ajiye, tunda leda ba ta wuce kimanin mako biyar a firiji.

Aikin aji

Ku kasu gida biyu. Rukuni na farko su tsara yadda gidan da ke da ɗaki biyu, yara biyar da kishiya zai kiyaye matar da saura kwana 14 a yi mata aiki: wa zai je kasuwa, ina yaro mai mura zai kwana, wa zai tari baƙi. Rukuni na biyu su gwada a aikace yadda maigida zai ba surukarsa haƙuri ta jinkirta zuwa, da yadda mace za ta gaya wa likita cewa ta yi zazzaɓi jiya kuma ta sha jiƙo. Bayan haka kowa ya rubuta amsar waɗannan a littafinsa: Me ya sa kafson kemis ba ya maganin mura? Me ya sa gwajin da ya nuna babu cuta bai isa a saki jiki ba? A ina ake gwajin ciwon hanta da rigakafinsa mafi kusa da unguwarku, kuma nawa ake biya? Wanda bai san amsar ta ƙarshe ba ya je ya tambayo kafin zama na gaba.